Jan Katin Yemima

"Fita!"

Jan katin na sama a hannun Yemima, babu wanda bai gan shi ba a filin.

Kaleb ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Gumi na tsiyaya daga goshinsa duk da sanyin yammacin Disamba. A ƙasa kusa da ƙafarsa, Zubair ɗan wasan Kagoma ne ke juyi, ya dafe kafaɗa, jini na zuba daga hancinsa.

"Mima..." ya faɗa ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji. "Ni? Ni kike ɗaga wa wannan?"

"Ba ƙwallo ka nufa ba, Kaleb. Na gan ka. Fita!"

Filin ya ɗauki ihu. 'Yan Kagoma na tafi, 'yan Madakiya na zagi. Amma a duk hayaniyar nan murya ɗaya ce ta soke ta, muryar mahaifinta Baba Kambai, wanda ya hau saman motarsa yana kaɗa hula.

"Yemima! Kin haukace ne? Yemimaaa!"

Ba ta waiwaya ba. Kaleb ya cire rigarsa ya yar a ƙasa, ya fice bai sake kallonta ba.

Mutumin da iyayensa za su zo gaisuwar neman aurenta a ƙarshen makon nan ke nan...

Ita fa ba alƙalanci ya kawo ta ba. Kallo ta zo, kamar kowace shekara.

A gidan Baba Kambai, da zarar sanyi ya shigo an gama kai doya da citta gida, to an buɗe lokacin yawo. Zai wanke tsohuwar a-kori-kurarsa, a loda tabarma da kular faten acca, kowa da rigar sanyinsa. Ana farawa da gasar ƙwallon garuruwa a Kafanchan, a bi ta wasa bayan wasa har ranar ƙarshe, sannan a tafi ruwan Matsirga a ci abinci a kan dutse. Kowa da abin da yake so. Baba, in ba Zakarun Madakiya ba, to ba ƙwallo ba ce. Mama Afiniki, mahaifiyar Yemima, kokawa ce tata, a filin ƙwallo ba ta sanin wa ke ci, sai an yi karo ta miƙe tana guɗa. Azariya, yayan Yemima, jikinsa na fili hankalinsa na wayarsa yana bin wasan Turai.

Yemima kuwa a kafaɗar Baba ta koyi wasan. Shi ya nuna mata satar gida, shi ya nuna mata abin da ke jawo fenariti. Da ta girma ta zama malamar wasanni a wata sakandare a Kagoma, har ta je ta yi kwas ɗin alƙalanci, shi ya riƙa yawo da hotonta yana nuna wa mutane.

Yau ranar wasan ƙarshe, motar alƙalin da aka gayyato daga Sabon Tasha ta mutu a hanya. 'Yan kwamiti suka zo har kan tabarmarsu.

"Malama, ki taimaka. Ke 'yar Madakiya ce, a Kagoma kike aiki. Kowane ɓangare ya yarda da ke."

Ta so ta ƙi. Ta buɗe baki za ta ce akwai dalili, Baba ya riga ta.

"Ku ɗauke ta! Ni na koya mata. Yarinyan nan ba ta san son kai ba!"

Haka ta karɓi usur.

Bayan fitar Kaleb, Zakarun Madakiya ba su sake samun kansu ba. Kagoma ta ci, ta ƙara, ta ɗauki kofi.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka wuce kasuwa Baba ya daki sitiyari.

"Katin gargaɗi babu ne a aljihun naki? Sai ja?"

"Baba, gwiwar hannu ya sa masa a fuska, ya kuma tura shi ƙasa. Ƙwallon ma ba ta wajen."

"Ni ban gani ba!"

"Ni na gani," in ji Mama Afiniki. "Wannan duka ko a kokawa ba a yarda da shi ba."

"Ke yi shiru, me kika sani a ƙwallo? Tun yarinyan nan ba ta yi haƙori ba nake jiran kofin nan. Ya zo har bakin ƙofa, 'yar cikina ta kore shi!"

"Kai ka ce su ɗauke ni, Baba."

"Na ce su ɗauke ki, ban ce ki kashe mu ba!"

Azariya ya ɗago daga wayarsa. "Gaskiya ko a Turai ja ne..."

"Ka sake magana ka sauka ka taka da ƙafa!"

Yemima ta juya fuskarta waje. Hawaye na zuba, iska na busar da su. Ba kofin ke damunta ba. Kallon da Kaleb ya yi mata ne.

Ta kira shi da suka isa gida. Bai ɗauka ba.

Ta kira washegari. Bai ɗauka ba.

Ta tura saƙo: "Masoyina, ka ɗauka mu yi magana." Ya buɗe, ya karanta, bai amsa ba.

Ana gobe ranar gaisuwa, kawun Kaleb ya zo shi kaɗai, ko zama bai yi sosai ba. Wai an ɗaga maganar, sai an sake shawara. Yemima na bayan labule tana jin komai.

"Mahaifiyarsa ce ta ce a dakata," in ji shi yana murza hula. "Ta ce matar da ta kori ɗanta a gaban gari tun ba a kawo ta ba, in ta shigo gida wa zai tsaya?"

Ta jira Baba ya kare ta.

"To," kawai ya ce. "Ai da gaskiyarta."

Yemima ta zame ta zauna a ƙasa. Kajin da Mama ta ware, kayan miyan da aka sayo, atamfar da ta ɗinka... Ta cusa fuskarta cikin zane don kada a ji kukanta.

Ranar Lahadi bayan sujada, tana ninke rigar kwaya, Beatrice ta matso ta dafa ta. Tare suke waƙa tun suna yara, ita ce kuma shugabar 'yan matan da ke yi wa Zakarun Madakiya kirari a fili.

"Ayya, ƙawata! Na ji abin da ya faru. Wallahi har na kasa cin abinci."

"Na gode."

"Amma ke ma kin yi ƙarfin hali fa. Namiji kamar Kaleb ba a yi masa haka. Jiya da na kai wa mahaifiyarsa Mama Joanna kunu, ki ga yadda ya rame..."

Yemima ta tsaya da ninkin. "Kin je gidansu?"

"Ai dole wani ya duba su." Beatrice ta yi murmushi ta gyara ɗankwali. "Ki yi ta addu'a, kin ji?"

Yemima ta bi ta da kallo har ta fita. A bakin ƙofar coci ta ga Beatrice ta karɓi jakar Mama Joanna ta riƙe mata, suna tafe suna dariya.

Ta juya ta ƙarasa ninke rigar.

Washegari ta shirya ta tafi Kagoma duba Zubair. Ba baƙo ba ne a wajenta. Shi ne mai babur ɗin da ke kai ta makaranta ya dawo da ita tun da ta fara aiki, Bafulatani mai kunya, da ƙyar yake haɗa ido da mace. Ta same shi a ƙofar gida yana shan hantsi, an ɗaure masa hannu a wuya. Matarsa Nene ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo kindirmo.

"Sannu, Zubair. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Malama. Targaɗe ne, sun ce zai ɗauki lokaci." Ya kalli babur ɗinsa da aka lulluɓe da buhu. "Aikin ne dai ya tsaya."

"Ka yi haƙuri. Wallahi ban san abin da ya shiga kansa ba."

Zubair ya kalli matarsa, ta gyaɗa masa kai.

"Malama, akwai abin da ban gane ba. Kafin ya buge ni ya matso kunnena ya ce, 'Gobe ma ka sake ɗaukarta.' Ni kuwa wa nake ɗauka? Kowa nake ɗauka. Sana'ata ce."

Ƙwaryar da ke hannun Yemima ta kusa faɗuwa.

Ashe ba ƙwallo ba ce.

Ita ce!

Duk fushin da Baba Kambai ke yi bai hana shi wanke mota ba. Yawon Matsirga ba a fasa shi, ko an yi rashi ma sai dai a ɗaga. Aka loda tabarma da kuloli. Yemima ta ce ba za ta ba.

"Tashi ki saka kaya," in ji Mama. "Sata kika yi da za ki ɓuya? Rabin Madakiya na can yau. Har wanda kike nema."

Wannan ce ta tashe ta.

Wajen ya cika. Ruwan ya ragu kamar yadda yake yi da rani, amma har yanzu yana zubowa daga saman dutsen da ƙara, feshinsa na ƙara wa iskar sanyi. Iyalai sun baza tabarmi, ana suya, samari na buga ƙwallo a ɗan fili. Baba ya samu abokansa, nan take suka koma kan maganar kofi, suna yi suna satar kallonta.

Can ta hango su.

Mama Joanna a zaune. Beatrice a durƙushe tana zuba shinkafa a faranti. Kaleb a gefe kan dutse, ya ja hular rigar sanyi ya rufe kai, yana jifan ruwa da tsakuwa.

Ba ta san lokacin da ta isa gabansa ba.

"Barka da rana, Mama," ta gaida Mama Joanna da ɗan rusunawa. Matar ta amsa da hanci. Yemima ta juya. "Kaleb, tashi. Magana za mu yi."

"Ba ni da abin faɗa."

"Ni ina da shi. Me ka ce wa Zubair a kunne?"

Ya ɗago da sauri. Beatrice ta bar cokali a cikin kula.

"Au, wajensa kika je ke nan?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ai na sani. Dole ki je ki duba shi."

"Na je. Matarsa ta ba ni kindirmo. Sai me?"

"Kullum kina bayansa! Safe da yamma! An gan ku a gidan cin abinci a Kagoma, kina dariya har da dafa shi. Sannan a gaban kowa kika zaɓe shi kika kore ni!"

"Wa ya gan mu?"

Ya kau da kai.

"Kaleb, wa ya gan mu?"

Idonsa ya tafi inda bai kamata ba. Yemima ta bi idon. Beatrice ta miƙe tana goge hannu a zane.

"Abeg, don Allah kar a saka ni a ciki. Ni abin da na ji na faɗa."

"Kika ji, ko kika gani?"

"Wata ce ta ce..."

"Wace ce? Kira sunanta, yanzu mu je wajenta."

Mama Joanna ta ajiye farantinta a hankali.

"Beatrice, ni kin ce mini da idonki kika gani."

"Mama, ai... ai kusan duk ɗaya ne..."

"Ba ɗaya ba ne," in ji Mama Joanna. Muryarta ta yi sanyi.

Beatrice ta ɗauki jakarta, ta ce za ta je ta duba ƙannenta, ta bi ta cikin mutane. Ba ta dawo ba.

Kaleb ya sauko daga kan dutsen. "Mima..."

"Kar ka kira ni haka!"

"Zuciyata, ki saurare ni. Ana gobe wasa ta faɗa mini, kaina ya ɗau zafi, ban..."

"Ba ka tambaye ni ba!" Muryarta ta fashe. "Lambata na wayarka. Gidanmu ka san hanya. Da ka zo ka ce, Yemima, ga abin da na ji. Ko zagina ka yi, da na ba ka amsa. Amma ka je ka karya bawan Allah da bai san komai ba, ka bar ni ina kiranka kamar mai roƙo, ka bari aka ɗaga gaisuwa, gari na nuna ni da baki!"

"Na yi kuskure..."

"Ni na yi kuka ina cewa ko na tsananta. Ni! Ina neman laifina!"

"Kai, yaro."

Su duka suka juya. Baba Kambai ne tsaye da tsinken nama a hannu. Ashe ihun ya jawo shi, ya ji komai.

"Sake faɗa in ji. Wato ba don ƙwallo ka doki yaron nan ba?"

Kaleb ya sunkuyar da kai. "A'a, Baba."

"Saboda gulma?"

"E, Baba."

"Ka zubar mana da kofi... saboda gulma?" Baba ya yar da naman. "Ni ina nan na daina yi wa 'yata magana, ina cewa zafin wasa ne ya kwashe ka! Ashe kai sakarai ne! Joanna, ki riƙe gaisuwarki. Ni ne yanzu na ce ba na so. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ba ya iya riƙe kansa a wasan ƙarshe ba!"

"Baba!" in ji Yemima.

"Shiga mota!"

Ko faten accan ba a buɗe ba aka naɗe tabarma. Azariya na gunaguni, Mama na tsaki. A hanya Baba ya yi ta yabonta, wai tun da yake bai taɓa ganin alƙalanci mai tsabta irin nata ba, wai shi dama ya ga gwiwar hannun.

Yemima ta ji kamar ta yi ihu. Jiya ya ƙi ta saboda Kaleb, yau ya ƙi Kaleb saboda kofi. Babu wanda ya tambaye ta abin da take so.

Ita kanta ba ta sani ba.

Yanzu Kaleb ne ke kira, ita ke kallon wayar har ta katse. In ta katse kuma ta ji haushin bai sake kira da wuri ba. Mama Joanna ta zo da kanta ba da haƙuri, Baba ya bi ta ƙofar baya ya tafi gona. Aka shiga sabuwar shekara haka, gida ba daɗi.

Sai kuma kiran ya tsaya cak.

"Kin gani ko?" ta ce wa Mama suna tsinke zogale. "Har ya gaji."

"Kina son sa?"

"Haushinsa nake ji."

"Ba shi na tambaya ba."

Yemima ta ci gaba da tsinka har da itacen.

Ranar da aka koma makaranta ta fito da sassafe, ta ƙudundune cikin rigar sanyi, tana tunanin inda za ta samu abin hawa. A bakin ƙofa ta ga babur ɗin Zubair. Ta gane shi da jan ƙyallen da ke ɗaure a madubi.

Amma ba Zubair ne a kai ba.

Kaleb ya cire hular kwano. Leɓensa ya bushe, idonsa ya faɗa.

"Ina kwana, Malama. Kagoma ne?"

"Me kake yi da babur ɗin mutane?"

"Aiki." Ya sauke ido. "Washegarin Matsirga na je wajensa. Na durƙusa a gaban mahaifinsa da matarsa. Da farko Nene ko ruwa ba ta ba ni ba. Na ce ba zan iya gyara masa kafaɗa ba, amma babur ba zai kwana a lulluɓe ba. Tun ranar nake ja, da yamma in kai masa abin da aka samu. Haka zan yi har ya warke."

"Shagonka fa?"

"Na rufe."

"Shi ya sa ka daina kira?"

"Na ga baki kawai nake kawo miki. Kin gaji da shi."

Ta kau da kai. Ba ta so ya ga idonta.

"Mima, ba na ce ki yafe yau ba. Ki hau kawai, kar ki makara."

Ƙofar gida ta yi ƙara. Baba Kambai ya fito da bargo a kafaɗa da asawaki a baki. Ya kalli babur, ya kalli Kaleb. Kaleb ya sauka da sauri ya durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Na ji labarinka a kasuwa," in ji Baba. "Sun ce ba ka iya shan kwana ba, ka zubar da wata mata da buhun citta."

"Sau ɗaya ne, Baba."

"Hm." Ya tofar da asawaki. "Yemima, ni na yi magana a Matsirga cikin fushi. Mamanki ta hana ni barci a kai. Ta ce ba ni zan zauna da shi ba." Ya gyara bargo. "Ke za ki faɗa. In kin ce a'a, a'a ne."

Karo na farko ke nan da aka bar mata zaɓi.

Ta daɗe tana kallon Kaleb a durƙushe cikin raɓa.

"In ka sake jin magana a kaina, wa za ka fara tambaya?"

"Ke."

"Ko wa ya faɗa?"

"Ko mahaifiyata ce."

Ta ja dogon numfashi. "Baba, su zo. Amma sai Zubair ya warke."

"Kun ji," in ji Baba, ya juya ciki yana ƙwala kira. "Afiniki! Kar ki sayar da kajin nan!"

Ta hau babur ɗin, ta ajiye jakarta a tsakaninsu, ta riƙe ƙarfen baya.

"Ki riƙe ni, hanyar ba kyau."

"Ba zan riƙe ba. Har yanzu haushinka nake ji."

"Na sani, masoyiyata."

"Kuma kar ka yi gudu."

Suka fita daga Madakiya, sanyi na dukan fuskarsu. Ya bi a hankali yana kauce wa ramuka, yana yi yana leƙenta ta madubi. A haka suka wuce Kafanchan.

Sai da suka hau hanyar Kagoma ta zare jakar ta mayar gefe.

Ta kwantar da kanta a bayansa.

"Kaleb."

"Na'am, Mima?"

"Kalli gabanka. Ni ba buhun citta ba ce."

Ya fashe da dariya har babur ɗin ya yi tangal-tangal, ita kuma ta ƙanƙame shi da hannu biyu.

Bayan Ista aka ɗaura aurensu.